Kofin da Gwaggo ta Ware

A gidansu ba wanda ya ƙara kiranta da sunan yanka tun tana shekara huɗu. Tambaya ake ce mata, kuma da bakinta ta sayo sunan. Yarinya ce da in aka aike ta sayen gishiri sai ta dawo da gishirin, da dalilin da ya sa mai kanti ba ya gaisawa da maƙwabcinsa, da wanda ya fi so a cikin 'ya'yansa. Babanta mai gyaran takalmi ne a bakin titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ta girme ta. Shi kaɗai ne ba ya gajiya da ita, wataƙila don kullum bakinsa cike yake da ƙusoshi, ba ya samun sararin ce mata ta yi shiru. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka shi Uwata yake ce mata. Tata uwar ta rasu tun tana goye, yayar Baba ce ta raine ta, wato Gwaggo, mace mai kirki da kaifin harshe, irin wadda za ta ba ka abinci ta kuma gaya maka ka cika ci.

Ranar da takardar jami'a ta zo, Gwaggo tana shara. Aka ce an ɗauki Tambaya a sashen nazarin zamantakewa da al'adun ɗan Adam.

"Likita ke nan za ki zama?"

"A'a, Gwaggo."

"Lauya?"

"A'a. Za a koya mana yadda mutane ke zama da juna ne. Abin da suke yi, da abin da ya sa suke yinsa."

Gwaggo ta jingine tsintsiya a bango. "Gulma ke nan. Shekara huɗu za ki yi a kan gulma? Ai da kin yi magana, da na koyar da ke a tsakar gidan nan cikin wata biyu, har in ba ki takarda."

Baba kuwa sai ranar tafiya ya miƙa mata takalmi sau ciki da ya ɗinka da hannunsa, mai kaurin ƙasa kamar tayar mota. Ya ce masu karatun mutane yawo za su sha.

A jami'a Tambaya ta zama kifi a ruwa. Inda duk aka ce a tsara tambayoyi, a raba fom, a tattara amsoshi a fitar da lissafi, ita ce gaba. Darasi ɗaya ne ya kusa kayar da ita. Akwai wata tsohuwar malama mai yawo da jakar da hannunta ya tsinke, wadda kan tura ɗalibai tashar mota su zauna mako guda da littafi da biro, da sharaɗin kada su tambayi kowa komai. Kallo kawai da sauraro. Takan ce abin da mutum ya ce yana yi daban, abin da yake yi daban, kuma abincin masu wannan karatun yana tsakanin biyun nan. Tambaya ta yi awa biyu shiru a rana ta farko. Kafin azahar ta san sunan matar mai sayar da tikiti da ciwon da ke damun surukarsa. Malamar ta ba ta maki daidai na tsallake rijiya da baya, ta rubuta a gefen takardarta: kunnenki biyu, kin bar su a gida.

Da aka gama, 'yan ajinsu suka watse kamar an jefa dutse cikin tsuntsaye. Wani ya shiga banki yana kula da ma'aikata, wata ta sami ƙungiyar agaji, biyu suka tafi koyarwa, wani dogo da ba ya magana a aji ya zama jami'in walwala a gidan yari, inda aka ce har yau fursunoni ne ke yi masa hira. Tambaya kuwa ta sami kujerar roba a shagon Yayanta, tana sayar da caja da murfin waya. Shekara biyu tana can. Duk ofishin da ta kai takardunta sai a juya su sama da ƙasa, a ce, "Masu wannan karatun wane aiki suke yi ne?" Ita kuma sai ta yi bayani, a gyaɗa kai, a ce za a neme ta. Gwaggo kan ce ta ga amfanin digiri, don yanzu in Tambaya ta miƙa wa mutum caja, da ilimi take miƙawa.

Ana haka wani asibiti da ke tsakiyar unguwanni ya nemi mai bincike, aikin gwaji na wata uku. In an ga amfaninta a ba ta kujera ta dindindin, in ba a gani ba kowa ya kama gabansa. Babban Likita ne ya yi mata bayani da kansa, mutum mai furfura a gemu da agogo biyu, ɗaya a hannu ɗaya a bango, yana duba su bi da bi kamar yana jiran su yi faɗa.

Matsalar ita ce masu tarin fuka. Maganin kyauta ne, amma sai an yi wata shida ana sha ba fashi, kuma duk mako biyu mutum zai zo ya karɓa a duba shi. Mutane sukan fara da zafinsu, daga nan kusan ɗaya cikin uku sai ya ɓace. Wanda ya bari a tsakiya kuwa, ciwon kan dawo masa da taurin kai.

"Mu mun san ƙwayar cutar," in ji Babban Likita. "Mutanen ne ba mu sani ba. An ce ke su kika karanta."

Aka ba ta farar riga irin ta ma'aikatan asibiti, da kati mai hotonta na ratayawa a wuya, da motar asibiti da direba. Ranar da ta shigo gida da farar rigar nan Gwaggo ta kalle ta daga sama har ƙasa, ta fita ta gaya wa maƙwabta cewa yarinyar dai ta zama likita ta bayan gida. Tambaya ba ta ƙaryata ba. Rigar ta yi mata daɗi, gaskiyar magana, har in ta zo wucewa ta gaban gilashin taga takan rage sauri.

Ta tsara fom mai tambaya ashirin da biyar, kyakkyawa kamar a sa a bango. Ta karɓi jerin waɗanda suka daina zuwa, ta dinga bin su gida gida. Mota ta tsaya a ƙofa, ta fito da farar riga da fayil, a shimfiɗa mata tabarma, a kawo ruwa. Me ya hana ka dawowa? Nisa ne, likita. Ke fa? Nisa, da wahalar abin hawa. Mutum tamanin da huɗu ta tambaya, sittin da ɗaya suka ce nisa. Lissafi ya fito tas. Saura mako uku wa'adinta ya cika ta miƙa rahoto mai zane-zane masu launi, da shawara guda: a ware mota ta riƙa kai wa mutane magani har ƙofar gida.

Babban Likita ya karanta a tsaye. Ya ce shekara biyar yana neman wanda zai ba shi wannan a rubuce. Ya ce za a yi wa motar fenti da rubutu babba don kowa ya san aikinta. Kujera kuwa, ya ce ta ɗauka ta samu, sa hannu kawai ya rage.

Kwana biyu bayan haka ta je cike fom ɗin ƙarshe da ya rage, don ita ba ta barin layi babu cikawa. Wani mai aski ne, siriri, da shago mai kujera biyu da madubi mai tsaga. Da ya ga motar asibiti ta tsaya, ya bar kan mutum rabi a aske, ya fito da sauri ya ja ta gefe, can bayan shagon wajen tulin gashi.

"Likita, ai da kin aiko na zo."

"Wata biyu ba ka zo karɓar magani ba. Me ya hana?"

Ya waiga ya dubi shagon. "Nisa ne."

Ta rubuta nisa. Da ta fito ba mota, an kira direba ya kai wata mai naƙuda. Ta tsaya jiran abin hawa, ta gaji, ta ce bari ta taka. Ta bi wani lungu, ta wuce masu wankin mota, ta karya kwana, sai ga ƙofar asibiti tana kallonta. Ta duba waya. Minti bakwai.

Ta koma ofis ta ɗauko jerin nan, wannan karon ba amsoshi ta duba ba, adireshi ta duba. Waɗanda suka daina zuwa kusan dukkansu 'yan unguwannin da ke kewaye da asibitin ne. Masu zuwa daga bayan gari, masu hawa mota biyu kafin su iso, su ne ba sa fashi. Duk wata biyun nan a bayan mota take zaune tana gyara fom, ba ta taɓa ɗaga kai ta ga tsawon hanya ba.

Da yamma ba ta wuce gida ba, ta tsaya a rumfar Baba ta zauna kan akwatin kayan aikinsa. Ba ta faɗi sunan kowa ba, ta dai ce mutum sittin da ɗaya sun yi mata ƙarya iri ɗaya, ita kuma ta yi wa ƙaryar ado ta kai wa shugabanta.

Baba ya cire ƙusoshi daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauko wani takalmi ya juya mata ƙasansa. "Mai wannan ya ce min sau uku ya sa shi, Uwata. Dubi dunduniyar."

Dunduniyar ta cinye har ta karkace.

"Ka ce masa ƙarya yake?"

"A kan me? Mutum ya zo da kunyarsa, sai in tsiraita shi? Na ce masa to. Amma ni ƙasan takalmin nake yi wa aiki, ba bakinsa ba." Ya dubi farar rigarta. "Ni ma in kika zo min da wannan rigar, abin da zai sa ki tafi da wuri zan gaya miki."

Ta kwana da abin. In ta yi shiru, kujera tata ce, a yi wa mota fenti, ta riƙa tsayawa ƙofar gidajen mutane. In ta yi magana, ta tsinka igiyar da take rataye da ita, kuma kujerar roba tana nan a shagon Yaya ba wanda ya ɗauke. Da safe ta ninke farar rigar ta sa a leda, ta ɗaure takalmin Baba, ta shiga ofishin Babban Likita.

"Ranka ya daɗe, na zo karɓar rahotona. Ba daidai ba ne."

Ya dubi agogon hannu, ya dubi na bango. "Wane ɓangaren?"

"Daga bangon farko zuwa na ƙarshe."

Ta nuna masa adireshin. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ya riga ya kai maganar mota gaban hukumar asibiti, yanzu da wane baki zai koma? Ya ce in ba nisa ba ne, mene ne? Ta ce ba ta sani ba. Ya ce wata biyu da rabi, da mota da mai da direba, amsar ita ce ba ta sani ba? Ta ce eh, amma tana roƙon kwanakin da suka rage mata, kuma ba ta son mota.

"Me kike so?"

"Izinin zama a bencin masu tari."

"Ki yi me?"

"Ba komai. Zama."

Ya ce kwana goma sha takwas ne nata, ta yi abin da ta ga dama da su, amma ta sa takunkumi, kuma maganar sa hannu ta manta da ita tukuna.

Bencin yana barandar gaba, dab da ƙofar shiga. Babban Likita ne da kansa ya sa a kai shi can shekarun baya, don masu wannan ciwon suna bukatar wuri mai iska, kuma ya yi gaskiya. Tambaya ta zo da kayan gida da mayafi da takunkumi a fuska, ta gaya wa na kan bencin ita ma'aikaciya ce mai nazarin yadda ake jira a wurin, in akwai wanda bai so ba ta tashi. Ba wanda ya kula ta. Ta zauna, ta cije harshenta. Tambayoyi suka taru mata a maƙogwaro kamar masu jiran mota ranar kasuwa, ta haɗiye su.

Rana ta farko ba ta ga komai ba sai ciwon baya. Rana ta biyu ta lura kowa a bencin zaman karkace yake yi, ƙeya ga titi. Ta juya ta ga abin da suke ba wa baya: masu babur goma sha biyu a ƙarƙashin bishiya, da mai shayi, da masu zaman shan shayin, duk fuskarsu na kallon baranda kamar an kunna musu talabijin. Ta lura katin kowa a asibitin fari ne, na masu tari ne kaɗai rawaya, ana hango shi daga tsallaken titi. Ta lura nas mai kiran layi tana da murya mai albarka, takan kira sunan mutum da na ubansa, in bai amsa ba ta ƙara da unguwarsu. Wata mata ta zo ƙofa da katinta a cikin zani, ta hango wani cikin masu babur, ta wuce kamar kasuwa za ta. Wani dattijo daga bayan gari kuwa ya baje a bencin yana cin gyaɗa, ko a jikinsa, ba wanda ya san shi balle ya kai labari.

Ta rubuta duka. Amma ta san in ta kai wannan, za a ce mata hasashe ne, ina lissafi?

Rana ta biyar ta koma gida ta tarar da Gwaggo a tsakar gida, ido ya yi ja. Ba zagi, ba tsokana, abin da ya fi ba Tambaya tsoro ke nan. Ta je randa za ta sha ruwa, Gwaggo ta yi wuf ta miƙo mata wani kofin roba shuɗi, sabo, an ɗaura masa jan zare a hannu.

"Ga naki. Daga yau da shi za ki riƙa sha. Ga kwanonki can ma na ware."

"Me ya faru, Gwaggo?"

"Har sai kin ɓoye min, 'yar nan? Ni da na goya ki?" Muryarta ta karye. "Matar mai wanki ce ta gaya min, ita kuma ƙanin mijinta mai babur ne. Ya ce kwana biyar ke nan kina bencin masu tari. Sun cire miki farar rigar ma."

"Da takunkumi fa nake zama. Ta yaya ya gane ni?"

"Takalmin. Duk garin nan wa ke da irin wannan takalmin in ba ke ba?"

Kafin magariba Yaya ya bugo waya, ya ce ta huta, kada ta damu da leƙo shago ranar Asabar, masu saye suna da tsegumi. Wata maƙwabciya da kan aiko 'yarta kitso ta aiko cewa an fasa. Tambaya ta zauna bakin ƙofar ɗaki tana juya kofin nan a hannu, sai ta fara dariya, har Gwaggo ta ce ciwon ya taɓa kai. Da ƙyar Tambaya ta fahimtar da ita cewa aiki ne ya kai ta bencin, lafiyarta ƙalau. Gwaggo ta share ido ta ce, "To Allah ya isa tsakanina da karatun nan," ta kai hannu za ta karɓe kofin. Tambaya ta ce a'a, wannan kam nata ne.

Ba ta tashi daga bencin ba sai da ta cika kwana goma sha huɗu. A mako na biyu mutane suka fara yi mata magana da kansu, ba ta tambaya ba. Wata ta ce mai gidan da take haya ya ba ta wa'adin tashi. Wani ya ce an daina ba shi hannu. Ta koma shagon mai aski a ƙafa, ba riga ba fayil, ta jira sai da ya sallami kowa. Ta ce masa ita ce ta zo da mota ranar nan, ta zo ba shi haƙuri. Ya ɗauki tawul ya kaɗe.

"Mutum uku cikin masu zuwa aski ba su dawo ba tun ranar," ya ce. "Sana'ata a kan fuskar mutane nake numfashi. Wa zai zauna min in an gan ni a bencin can? Yara huɗu gare ni."

Ranar taron hukuma aka zauna a dogon tebur, Babban Likita a kai, nas mai murya a gefe, da wasu masu manyan riguna. Tambaya ba ta kawo zane mai launi ba. Shafi uku ta kawo, da kofi. Ta ajiye shi tsakiyar tebur da jan zarensa, ta ba su labarin yadda ta same shi: lafiyarta ƙalau, fuskarta a rufe, kwana biyar kacal, kuma wadda ta ware mata shi ita ce mai sonta fiye da kowa a duniya.

Wani mai babbar riga ya ce ai ciwon ba ta kofi ake ɗaukarsa ba. Ta ce ta sani, ranka ya daɗe, amma Gwaggo ba ta zo taron ba. Nas ta ce ita shekara goma sha ɗaya tana kiran suna ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Tambaya ta ce gaskiya ne, waɗanda za su kawo ƙarar su ne ba sa dawowa. Ta ce akwai fili a bayan ɗakin magani, iska har ta fi ta gaba, ga ƙaramar ƙofa ta lungu. A mai da benci can, a yi wa kowa farin kati, a kira lamba maimakon suna. Mota kuwa, in an yi mata fentin nan aka tsayar a ƙofar mutum, an kai masa bencin har gida ke nan.

Babban Likita bai dubi agogo ko ɗaya ba. Ya ɗauki kofin ya juya shi. "Ni na sa bencin nan a wurin," ya ce.

"Don iska ka sa shi, ranka ya daɗe. Iskar tana nan. Idanun ne suka yi yawa."

Bai ba ta kujerar dindindin ranar ba. Wata shida ya ƙara mata, ya ce a gwada a gani, in lissafi bai motsa ba ita da kofinta su kama hanya. Masu gadi biyu suka ɗauki benci suka zagaya da shi baya, aikin da bai kai minti goma ba. A mako na uku, tana zaune a sabon wurin da littafinta, ƙaramar ƙofar lungu ta buɗe, mai aski ya leƙo, ya dubi hagu ya dubi dama, ya shigo ya karɓi lamba. Bai gaishe ta ba, ita ma ba ta nuna ta san shi ba.

Da wata shidan suka cika, lissafi ya motsa, aka sa hannu. Yau shekararta tara a asibitin, ofishinta wani tsohon ɗakin ajiya ne mai taga ɗaya, kuma ba kasafai ake samunta a ciki ba. In ba ta layin masu awo, tana wajen masu jiran gwajin jini, zaune da kayan gida, bakinta a rufe. Ɗalibai daga sashensu na jami'a kan zo koyon aiki wurinta, ranar farko takan karɓe fom ɗinsu ta kulle a durowa, ta nuna musu benci. Kofin yana kan teburinta, biro take zubawa a ciki. Baba ya sake wa takalmin ƙasa sau huɗu.

Gwaggo ta tsufa, amma harshen bai tsufa ba. Kwanan baya wata baƙuwa ta tambaye ta aikin da 'yar tata ke yi a asibiti.

"Zama," in ji Gwaggo. "Zama take yi tana kallon mutane, a biya ta. Ni shekara saba'in ina yi kyauta."